Kafin ka ɗauko firinta daga Adum, tambayi kuɗin tawadarta tukuna

Jama'a salamu alaikum, yau dai maganar firinta ce, irin ta gida ɗin nan mai haɗa aiki uku, ta buga takarda ta yi fotokwafi ta kuma yi sikanin. Da yake na taɓa zaman shagon buga takardu a nan Aboabo da ke Kumasi a Ghana kafin in koma wani aikin, mutanen unguwa sun mayar da ni likitan firinta, musamman in sakamakon BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ya fito aka fara rububin buga fom ɗin makarantar da aka tura yaro, to a lokacin ne kowa yake tunawa ai da yana da tasa a gida da bai tsaya layi a kafe ba. Tambayar kuma kullum ɗaya ce, wacce ce mai araha. Ni kuma sai in ce arahar kanti kake nufi ko arahar gida, dan ba ɗaya ba ne.

Buƙatar dai gaskiya ce, ban raina ta ba. Aikin gida na yara, sakamakon jarrabawar gama babbar sakandare ta WASSCE, fom ɗin fasfo, takardar haihuwa da za a yi wa kwafi, tambayoyin jarrabawar makarantar Islamiyya, katin suna ko na ɗaurin aure da ake so a raba a masallaci bayan la'asar. Ga wani abu kuma da mutane ba su cika kulawa da shi ba, duk lokacin da ka tura hoton fasfonka ko takardar bankinka ta WhatsApp zuwa wayar yaron kafe dan ya buga maka, wannan takardar ta zauna a wayarsa kenan sai ranar da ya ga damar gogewa. Ko dan wannan kaɗai ni ina ganin gidan da ke da hali ya mallaki tasa.

Matsalar tana farawa ne daga waccan ƙaramar firintar da ake jerawa a gaban kanti, mai kyau, fara tas, mara nauyi, kuɗinta bai kai na wata wayar ba. Irin mai katirij kenan, wato ƙananan akwatuna biyu da ake sakawa a ciki, ɗaya baƙi ɗaya kala. Kamfanonin ba a jikin na'urar suke cin ribarsu ba, a tawada suke ci, kamar a ba ka doki a kuɗin akuya ne amma a ce dusa da harawa a wajena kaɗai za ka riƙa saya har ya mutu. Ka duba lambobin da su kansu suke rubutawa a kwali. Katirij ɗin HP mai lamba 123 ko 305, baƙin shafi wajen 120 yake bugawa, na kalar wajen 100. Na Canon PG-445 da ake sa wa irin su PIXMA MG2540S wajen 180. Wanda ya ɗan fi dama-dama, HP 652 ko 653 na jerin Ink Advantage, wajen 360. Kuma wannan lissafin an yi shi ne da shafin gwaji wanda rubutu bai cika shi ba, kusan kashi 5 cikin 100 na farar takardar ne tawada take taɓawa, ba irin shafin da yaro zai kwaso daga intanet da hoton zuciyar ɗan'adam ja jawur ya cika rabin takarda ba. Rim ɗin takarda guda 500 ne a ciki. Kenan kafin ka gama rim ɗaya ka canza baƙin katirij sau huɗu, sai ka je ka tambayi kuɗin guda ɗaya ka ninka ka gani.

Na kalar ma ya fi ban haushi, dan kala uku ne a cikin akwati ɗaya, shuɗi da ja-ja da rawaya, in rawayan ya ƙare shikenan hotuna sun fara fita wani iri, dole ka jefar da shi duk da sauran biyun suna nan da saura. Sannan wanda yake zuwa a cikin kwalin sabuwar firinta galibi na somin-taɓi ne, ba cikakke ba.

Kwanaki na raka yayata Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, za ta saya wa 'ya'yanta, mun shiga wani shago, yaron shagon ɗan zango ne ya ji muna Hausa sai ya saki jiki, ya ɗauko wata ya ɗora a kan kanta yana shafa ta, "Hajiya wannan ita ake yayi, ga araha ga kyau, har da waifai." Yaya har ta fara buɗe jaka. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ɗauko min katirij ɗinta guda biyu, baƙi da kala, na asali, ka faɗa min kuɗinsu." Ya ɗan yi jim, ya shiga ciki ya fito da su, ya faɗa. Yaya ta dube ni ta dubi firintar ta ce, "Kai, to ai in na saya sau biyu ko uku na sake sayen firintar kenan." Yaron ya yi dariya ya ce, "Wallahi Hajiya shi ya sa wasu in ta ƙare sai su ajiye ta a saman wadrob." Bai yi ƙarya ba, ku shiga gidajen Asawase da Aboabo ku duba saman wadrob da ƙarƙashin gado.

Wasu za su ce ai ana ɗura wa katirij tawada da sirinji. Ana yi, ni ma na yi a shago ba adadi. Amma katirij irin wannan kan da yake fesa tawadar a jikinsa yake, kuma da zafi yake aiki, in ka bari ya bushe ƙaf kana ta bugawa sai ya ƙone, ko ka ɗura ba zai dawo ba. In ma bai ƙone ba, bayan 'yan ɗure-ɗure zai fara zane-zane, ga hannu da tabarma duk sun ɓaci, ga firintar tana ta nuna maka babu tawada dan ita lissafinta take bi ba abin da ka zuba ba. Wasu kamfanonin kuma in firintar ta sabunta manhajarta ta intanet sai ta daina karɓar katirij ɗin da ba nasu ba. Mai shago zai iya wannan wahalar dan sana'arsa ce, amma uwa mai yara huɗu da ƙarfe tara na dare ana kukan aikin gida, haba.

Wadda ni nake nuna wa mutane ita ce mai tanki. Ita ba katirij, tankuna huɗu ne a gefe ko a gaba da kake ganin tawadar da idonka, in ta yi ƙasa ka sayo kwalba ka zuba. Epson ne suka fara fito da irinta a Indonesiya a 2010, dan sun ga mutane can suna ta haɗa wa firintocinsu tanki na gargajiya da 'yan tiyo, daga baya Canon da HP da Brother duk suka shigo. Kwalbar Epson mai lamba 103, mililita 65, baƙar an rubuta shafi 4,500, kalolin uku a haɗe 7,500. Ta Canon GI-41 baƙar 6,000, kala 7,700. Yanzu ɗauki 4,500 ka raba da 120, katirij 37 da rabi kenan a kwalba ɗaya, kuma kwalbar sau da yawa ba ta kai kuɗin katirij ɗaya ba. Eh, ranar saye za ka ji a jikinka, dan kuɗinta ya ninka na waccan har fiye, amma a gidan da ake bugawa kowane mako ba a daɗewa take mayar da kuɗinta.

Zubin farko ma abin kallo ne. Ka buɗe murfin tankin, ka kifa kwalbar a kai, ba matsawa ba komai, sai ka ji tana ƙul-ƙul-ƙul tana shiga da kanta, in ta kai layin sama ta tsaya. A sababbin Epson bakin kowace kwalba da irin yankansa, ta shuɗi ba za ta zauna a ramin rawaya ba ko ka so, wannan ya taimaki masu gaggawa. Bayan nan ka danne maɓalli ta yi wajen minti goma tana ƙara tana jan tawada cikin tiyo, kar ka kashe ta kar ka buɗe ta, kuma dan Allah kar ka fara wannan aikin a lokacin da ka san ana yawan ɗauke wuta a layinku. Za ka ga tawadar ta ɗan sauka tun ba ka buga komai ba, ba cuta ba ce, hanya ta cika.

Sai dai mai tankin nan tana da hali guda, ba ta son zama. Tawada ruwa ce, ramukan da take fita ta cikinsu sun fi gashi siranta, in ka rufe ta ka tafi Tamale ko Yendi ka yi wata biyu, musamman da hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu da iska ta bushe ga ƙura, za ka dawo ka tarar rubutu yana fita da farin layi-layi a tsakiya. Maganin mai sauƙi ne, duk mako ka buga shafi ɗaya mai ɗauke da duka kaloli, ko da ba ka buƙata, ka ɗora wa babban yaro wannan aikin ranar Juma'a. In kuma ta riga ta fara, akwai shafin gwaji da take fitarwa, wasu 'yan layuka kamar matakala na kowace kala, ka ɗaga shi a haske ka duba inda layin ya yanke, nan ne ya toshe, sai ka sa ta wanke kanta. Amma kar ka yi ta maimaitawa sau biyar a jere, wankin yana shan tawada sosai, kuma tawadar da aka wanke tana taruwa ne a wani soso a cikin cikinta, ranar da lissafin soson ya cika sai ta tsaya cak fitilu suna ƙyaftawa, sai an kai wa mai gyara. A nan ne Canon G2420 da G3420 suka burge ni, nasu wurin tara dattin akwati ne da kai kanka za ka zare ka sa sabo, kan fesa tawadar ma haka. Na Epson kan yana da ƙarko dan ba da zafi yake aiki ba, amma in ya lalace aikin mai gyara ne kuma ba araha.

Wani abu kan dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar nan. Ka riƙa kashe ta da maɓallinta, ba daga soket ba, dan in ka danna maɓallin sai kan ya koma gefe ya zauna a kan wata 'yar roba da take rufe shi kar iska ta shiga. In wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki kan ya tsaya a tsakiya a buɗe, to da an dawo da wuta ka kunna ta ta koma mazauninta, kar ka bar ta haka ta kwana biyu. Kuma ka sa mata abin kariya daga hawa da saukar wuta, wanda ake sa wa firij da talabijin ɗin nan, dan dawowar wuta ta fi ɗaukewarta kashe kaya.

To wanda ba ya bugawa sai jefi-jefi fa, kuma takardunsa duk rubutu ne baƙi, wasiƙa, rasit, yarjejeniyar haya, fom? Shi firintar lesa ce tasa. Ita ba ruwa a cikinta, hoda ce ake narkar da ita a jikin takarda da zafi, ka bar ta wata shida ka dawo ka kunna ta buga kamar jiya ka bari, kuma ko ruwan sama ya taɓa takardar rubutun ba ya zuba. Canon MF3010 tsohuwa ce a kasuwa amma har yanzu ana sonta, hodarta mai lamba 725 shafi 1,600 ce, wadda take zuwa da ita a kwali 700, sai dai ba ta da waifai, sai da kebul da kwamfuta. HP Laser MFP 135 tana amfani da 106A, shafi 1,000. Aibin lesa biyu ne, babu kala, sannan tana jan wuta, lokacin da take ɗumama kanta tana cin ɗaruruwan wat, har ka ga kwan fitila ya ɗan yi ƙasa, alhali mai tanki wajen wat 12 take ci tana aiki. Kenan in inbata ko ƙaramin batirin ajiyar wuta na UPS kake dogaro da shi in an ɗauke wuta, lesa za ta durƙusar da shi, mai tanki kuwa ko a jikinsa. Lesa mai kala kam ku manta da ita, ba ta cikin maganar araha.

Waifai ba ado ba ne a wajenmu. Gidaje nawa ne a zango suke da kwamfuta? Amma waya kowa da tasa, kuma takardun duk ta WhatsApp suke zuwa. In ka sayi wadda ba ta da waifai dan ka rage kuɗi kaɗan, kuma ba ka da laftof, ka sayi injin fotokwafi ne kawai. Ka lura da lamba sosai dan kamanninsu ɗaya, Epson L3210 babu, L3250 akwai, Canon G2420 babu, G3420 akwai, HP 135a babu, 135w akwai. Kuma ba sai kana da intanet a gida ba, akwai abin da suke kira Wi-Fi Direct, wayar tana haɗuwa da firintar kai tsaye ba tare da data ba. Ka sa mai shagon ya nuna maka a wayarka kai, ba tasa ba, kafin ka fita. Kebul ɗin kwamfuta kuma wasu ba sa sa shi a kwali, ka tambaya.

Sikanin ba sai na ja ba, dukkansu gilashin A4 ne kuma sun wadatar, ka sa ingancin hoton a 300 dpi ya isa ga kowace takarda, in ka ƙara fayil ɗin ya yi nauyi shafin da za ka loda shi ya ƙi karɓa. Takardar da ta fi A4 girma kamar wasu taswirorin fili ba za ta hau ba, sai Asafo wajen masu manyan injuna. Mai jan takardu da kanta daga sama irin Epson L5290, ko mai buga gaba da baya da kanta irin L4260, suna da daɗi amma ƙarin kuɗi ne, sai in kai sakataren ƙungiya ne ko malamin makaranta da kake kwafin shafi talatin-talatin.

Yanzu hom-yus, wato kayan da aka riga aka yi amfani da su a ƙasashen waje. Na san mu da son kayan da aka sauke daga kwantena, kuma a firij ko kujera ban ce komai ba, amma a firinta akwai tarko. Na farko wuta, mu 230 muke amfani da ita, Amurka da Kanada 120, in ɗan'uwa ya aiko maka daga Bronx ka duba bayanta, in ba a rubuta 100 zuwa 240 ba kar ka kuskura ka soka ta a bango ba taransifoma, lesa musamman, hayaƙi za ka gani. Na biyu, kamfanonin sun raba duniya shiyya-shiyya. Firintar HP iri ɗaya sak, wadda aka sayar a Amurka katirij 63 take nema, ta Turai 302, tamu ta nan 123, ka sa mata namu ta ce ba ta san shi ba. Epson ma kwalbar da muke kira 103 a nan, 'yar'uwarta a Ingila da Jamus 104 ce, a Amurka 522, a Asiya 003. Na uku ba ka san tsawon zaman da ta yi a sito da cikin jirgin ruwa tawada tana bushewa a kanta ba. In dole sai hom-yus to ka ɗauki lesa ta Turai, a buga maka shafi a gabanka, a yi fotokwafi ka duba ko akwai baƙin layi daga sama har ƙasa, sannan ka tabbatar hodarta tana nan a kasuwa. Masu tallatawa a intanet kuma da za su ce turo rabin kuɗin ta waya, wato MoMo, a kawo maka, a'a, ido ya gani hannu ya taɓa tukuna.

Farashi ban rubuta ba da gangan, dan kayan nan dala suke bi. Wanda ya sayi abu a farkon 2022 ya koma ƙarshen shekarar, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100, ya san abin da nake nufi, kuma da sidi ya farfaɗo a 2025 ba kowane mai shago ne ya sauke nasa ba. Saboda haka ka zaga, ka tambayi shago uku huɗu a Adum, ka leƙa manyan kantuna irin na Kumasi City Mall ka kwatanta, wani lokacin bambancin ba shi da yawa kuma can za a ba ka rasit da waranti a rubuce. Ka duba kwalin ba a taɓa yanka shi ba, lambar jikin na'urar ta yi daidai da ta kwali da ta rasit, kwalaben tawada a rufe cikin ledarsu. Tawadar jabu ta cika gari, kwalba kamar ta gaske, in ka ji kuɗin ya faɗi ƙasa da na kowa sosai to ka ajiye, araha ba ta ado, kuma ita ce kan gaba wajen toshe kai.

Takarda ma tana da nata. Sayi A4 mai giram 80, mai 70 tana yawan shiga biyu-biyu. Da damina Kumasi akwai laima, takardar da aka bari a buɗe tana shan danshi ta lanƙwashe ta maƙale a ciki, dan haka ka ɗebi kaɗan ka sa, sauran ka mayar cikin ledarsu ka rufe. In ta maƙale kar ka fizga, ka kashe ta ka ja a hankali da hannu biyu. Ka samu ƙyalle ka riƙa rufe ta saboda ƙura, kuma kar a ci biredi ko a sha koko a kusa da ita, kyankyasai suna son ɗumin cikinta, na sha buɗe firinta in tarar sun yi gida a kan allon wutarta.

Yaya dai mai tanki da waifai ta ɗauka a ƙarshe, ta ƙara kuɗi tana mita. Wani maƙwabcina kuma dattijo da ya zo da tambayar, na ce, "Baba, shafi nawa kuke bugawa?" ya ce bai fi fom ɗaya biyu ba in abu ya taso, sai na ce masa ya riƙe kuɗinsa, ya riƙa ɗaukar takardunsa a waya da manhajar sikanin, in bugawa ta kama a aiki jika kafe da sidi kaɗan, amma ya tsaya a goge fayil ɗin a gabansa.